CIWON HAƘORI: WANDA ZAI JIRA RAN KASUWA DA WANDA BA YA KWANA

'Yan'uwa manoma, babu gidan da bai san ciwon haƙori ba. Mun saba ɗaukarsa ƙaramin abu. Mutum ya cusa kanumfari a kogon haƙori, ya ɗaure kumatu da ƙyalle, ya saɓi fartanya ya nufi gona yana cewa sai an gama maimai zai je asibiti. Gaskiya ne, yawancin ciwon haƙori yana iya jira 'yan kwanaki. Amma akwai irin da ba ya jira, wanda yakan kai ƙaƙƙarfan mutum kushewa cikin kwana biyu ko uku. Akwai kuma haƙorin da ya fita wanda za a iya mayarwa ya kama, muddin an yi abin da ya kamata cikin sa'a guda.

Duk mai shanun noma ya san bambancin sa mai ɗingishi da sa mai kumburin ciki. Na farko a bar shi ya huta, gobe a kira malamin dabbobi. Na biyu kuwa ba a jira gari ya waye. Irin wannan sanin muke so kowane ɗan ƙungiya ya samu a kan bakinsa da bakin iyalinsa.

YADDA CIWON KE SHIGA

Yaro yana da haƙoran yarinta 20. Daga wajen shekara 6 yakan fara famfara, na manya su maye gurbinsu, har su cika 32. Waɗannan in sun tafi ba su da magaji.

Kowane haƙori yana da farin ɓawo a waje, wanda ya fi kowane abu tauri a jikin mutum. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe da bai kai shi tauri ba. Can tsakiya kuma akwai ɗan rami inda jijiya da hanyoyin jini suke. Saiwar haƙori tana kafe cikin ƙashin muƙamuƙi.

Babu tsutsa a cikin haƙori, ko da wani ya nuna mana ita a kan auduga a kasuwa. Abin da ke faruwa shi ne, ƙananan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna cin ragowar sukari da abincin da ya maƙale, suna fid da wani tsami da ke cin ɓawon a hankali har ya yi kogo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da farko mutum zai ji tsam in ya sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. Daga baya ƙwayoyin su kai ga jijiya, haƙori ya riƙa zogi yana hana barci.

Ga wurin da mutane da yawa ke ruɗuwa. Bayan kwanaki na azaba sai ciwon ya ɗauke, mutum ya ce maganin da ya sa ya yi aiki. Sau da yawa ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun bi saiwa sun sauka cikin ƙashi, suna tara mugunya. Mugunya kuwa tilas ta nemi hanya. In ta ɓullo ta dasashi ta yi ɗan ƙurji, da sauƙi. In ta bi ta ciki zuwa kunci, ko ido, ko ƙarƙashin harshe, nan ne haɗari yake.

KASHI UKU

Domin sauƙin tunawa, bari mu raba ciwon baki kashi uku.

Kashi na ɗaya, wanda zai iya jira ran kasuwa, amma kada ya wuce mako ɗaya ko biyu:
1. Kogo a haƙori, ko tsam-tsam in an sha ruwan sanyi.
2. Ciwo mai zuwa yana tafiya, wanda ƙwayar rage zafi ke kwantar da shi.
3. Dasashi mai ɗan jini lokacin asuwaki.
4. Haƙori ya ɗan ɓalle a gefe, ba ciwo.

Kashi na biyu, a je yau, in dare ya yi a tashi da asuba:
1. Zogin da ya hana barci da cin abinci, ƙwaya kuma ba ta kwantar da shi ba.
2. Ƙurji a dasashi, ko kumburi kaɗan a kunci, ba zazzaɓi.
3. Haƙori ya karye har ana ganin ja ko jini a tsakiyarsa.
4. Haƙori ya goce daga mazauninsa ko yana girgiɗi bayan an buge.
5. Ciwo mai tsanani da wari a ramin da aka cire haƙori, bayan kwana 2 zuwa 4.

Kashi na uku, a tashi nan take, ko tsakar dare ne, ko ana ruwa:
1. Kumburi mai yaɗuwa zuwa wuya, ƙarƙashin haɓa, ko ido.
2. Wahalar numfashi, ko haɗiya, ko buɗe baki.
3. Kumburin fuska tare da zazzaɓi.
4. Haƙorin babba ya fita ɗungum.
5. Muƙamuƙi ya karye ko ya goce.
6. Jinin da ya ƙi tsayawa.
7. Ƙaramin yaro mai warin baki da kumburin kunci.

A kan wannan kashi na uku za mu tsaya.

KUMBURI MAI KISA

Saiwoyin haƙoran tauna na ƙasa, waɗanda ke can ciki, suna kusa da naman da ke ƙarƙashin harshe. In mugunya ta fasa ta wannan gefe, sai ƙarƙashin haɓa da saman wuya su kumbura, su yi tauri kamar katako. Kumburin ya tura harshe sama da baya, ya toshe hanyar numfashi. Wani likita a ƙasar Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan ciwo a shekarar 1836, har yau likitoci da sunansa suke kiransa. Kafin a sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ya kama mutuwa suke yi. Yanzu yawanci suna tashi, in an kai su da wuri.

Haƙoran sama su kuma suna kusa da ido. Mugunyarsu takan hau kunci ta rufe ido, daga nan tana iya bin hanyoyin jini ta kai ƙwaƙwalwa.

Ga abin da za mu duba ga mai kumburi:

Baki. Lafiyayyen babba yana iya jera yatsunsa uku a tsaye ya sa tsakanin haƙoransa na gaba. In yatsa biyu ba sa shiga, ciwon ya kai ga naman tauna.

Miyau. In yana dalala domin ba ya iya haɗiyewa, abin ya yi nisa.

Murya. In ta sake, yana magana kamar mai dankali da zafi a baki, harshe ya fara tashi.

Kwanciya. In ba ya iya kwanciya rigingine, sai dai ya zauna ya miƙa wuya gaba yana neman iska, kada a tsaya neman komai sai mota.

Jiki. Zazzaɓi da rawar ɗari, saurin numfashi, ƙarancin fitsari, ko ruɗewar hankali, alamu ne cewa cutar ta shiga jini.

Wata dabara mai amfani ita ce a zana iyakar kumburin da biro a kan fata. In bayan 'yan sa'o'i ya ƙetare zanen, yaɗuwa yake yi.

Kurakurai biyu ke sa a makara. Na ɗaya, a ga zazzaɓi a ce na cizon sauro ne, a sayi maganinsa a kyamis a zauna. Na biyu, a ga kumburi a ce hangum ne. Hangum ya fi kama yara, yana kumbura gindin kunne, sau da yawa gefe biyu, ba kuma daga ruɓaɓɓen haƙori yake tasowa ba. Babba mai kogon haƙori wanda fuskarsa ta kumbura, mu ɗauka daga haƙorin ne har sai likita ya ce ba haka ba.

A hanyar asibiti a bar shi zaune, ya ɗan sunkuyo gaba. Kada a kwantar da shi rigingine, kada a ɗura masa kunu ko jiƙo. Kada a gasa wurin da tsumma mai zafi, kada wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho. A wuce kai tsaye babban asibiti, gama abin da yake bukata shi ne allura ta jijiya, a fid da mugunyar, a cire haƙorin ko a gyara shi. Wani lokaci har sai an sa masa bututun numfashi.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa ba a cire haƙori sai kumburi ya saɓe. Wannan hukunci na likita ne bayan ya duba, ba dalilin zama a gida ba ne.

Waɗansu mutane ciwon ya fi saurin cin ƙarfinsu: masu ciwon sukari, masu sikila, masu cutar ƙanjamau, tsofaffi, mata masu ciki, da yara masu tamowa. Su ko ɗan kumburi kaɗan ne a kai su ran nan. Mace mai ciki kada ta ji tsoron likitan haƙori. Ta dai faɗa masa tana da ciki. Mugunyar da aka bari ta fi allurar kashe zafi haɗari a gare ta da abin da ke cikinta.

IN HAƘORI YA FITA ƊUNGUM

Faɗuwa daga babur ko amalanke, harbin jaki, bugun ƙahon sa, hannun injin niƙa in ya ƙwace, faɗowa daga bishiyar mangwaro, ko karo wajen ƙwallo, duk suna fid da haƙorin gaba da saiwarsa. Mutane da yawa ba su san ana iya mayar da shi ya kama ba.

Jikin saiwar yana lulluɓe da wani siririn nama mai rai, shi ne ke haɗa haƙori da ƙashi. Kamar dashen tumatir ne da aka tumɓuke: in an dasa nan da nan ya kama, in an bar shi a rana ya bushe. In an mayar da haƙori cikin minti 15 zuwa 20, ya fi kamawa. In ya yi minti 60 a bushe, naman nan ya mutu. Ga abin yi:

1. A nemi haƙorin, a ɗauke shi ta kansa, watau farin wurin da ake tauna da shi. Kada a taɓa saiwar.
2. In ya yi ƙasa, a ɗauraye shi da madara ko ruwa mai tsabta na ɗan lokaci kaɗan. Kada a kankare, kada a sa sabulu, kada a goge da tsumma.
3. In mutumin yana cikin hankalinsa, a mayar da haƙorin raminsa, a dubi na kusa da shi domin kada a sa shi baibai, a danna a hankali.
4. Ya ciji ƙyalle mai tsabta domin ya riƙe shi, a tafi wurin likitan haƙori nan take.
5. In ba a iya mayarwa ba, a sa shi cikin madara mai sanyi, ba nono mai tsami ba. In babu madara, a dama fakitin gishiri da sukari na masu gudawa a sa shi ciki. In wannan ma babu, mutumin ya tofa miyansa a ƙaramin kofi a sa haƙorin. Kada a jiƙa shi cikin ruwa zalla, kada a ƙulle shi a takarda ko bakin zane.

Likita zai ɗaure shi da na kusa da shi wajen mako biyu, ya kuma faɗi ranar da za a koma. Ko an wuce sa'a guda a tafi da haƙorin, likita ne zai san abin da zai yiwu.

Wannan duka na haƙoran manya ne. Haƙorin yarinta ba a mayar da shi, gama ana iya ɓata na manya da ke ƙarƙashinsa yana shirin fitowa. Yaron da bai kai shekara 6 ba, kusan tabbas haƙoransa duka na yarinta ne. In ana shakka, a sa cikin madara a tafi da shi.

In an nemi haƙorin ko gutsurensa an rasa, a faɗa wa likita, domin yakan shige cikin leɓe, wani lokaci kuma a shaƙe shi zuwa huhu. A kuma tambayi allurar rigakafin cutar sarƙe haƙora, musamman in rauni ya taɓa ƙasa ko kashin dabbobi. Wanda bakinsa ya ƙi buɗuwa kwanaki bayan ya ji rauni a gona, ko ba ciwon haƙori, shi ma na asibiti ne nan take.

KARAYA DA GOCEWAR MUƘAMUƘI

Bayan haɗari, a ce wa mutum ya haɗa haƙoransa. In ba su haɗu yadda suka saba ba, ko jerin haƙora ya yi hawa da sauka, ko leɓen ƙasa ya mutu ba ya jin taɓi, ko jini ya taru ƙarƙashin harshe, mai yiwuwa muƙamuƙi ya karye.

Abin da ya fi gaggawa shi ne numfashi. In yana cikin hankalinsa ya zauna ya sunkuyo gaba, jini da miyau su zuba waje. In ya suma a kwantar da shi a gefe ɗaya, ana riƙe da kansa da wuyansa kada su murɗe. Ana iya tallafe haɓa da ɗankwali a ɗaure a ka, amma ɗaurin zarge wanda za a kwance da sauri in amai ya taso. Kada a ba shi abinci, gama mai yiwuwa a yi masa aiki.

Wannan ba aikin maɗori ba ne. Ƙashin da ya kama a karkace, mutum ba zai ƙara tauna tuwo daidai ba. In akwai amai, ko yawan barci, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, bugun ya taɓa kai, a ƙara sauri.

Wani kuma hamma kawai zai yi muƙamuƙi ya goce, baki ya ƙi rufuwa. Kada a mare shi, kada a danna da ƙarfi. Malamin asibiti ya san yadda ake mayarwa, kuma ya fi sauƙi in an je da wuri.

JININ DA YA ƘI TSAYAWA

Bayan an cire haƙori, ɗan ja-ja a miyau na yini guda ba komai ba ne. Jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. Saboda haka a ranar farko kada a kurkure baki, kada a yi ta tofi, kada a sa harshe ko tsinke, kada a sha taba ko abu mai zafi ƙwarai.

In jini na zuba sosai, a naɗe ƙyalle mai tsabta, a ɗan jiƙa, a ɗora daidai kan ramin, a cije da ƙarfi minti 30 ba tare da buɗewa ana dubawa ba. Mutum ya zauna, kada ya kwanta. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, ko jiri ya fara, a tafi asibiti. Mai shan maganin tsinka jini, ko wanda a danginsu akwai masu wuyar tsayawar jini, ya faɗa tun kafin a taɓa haƙorinsa.

Akwai jinin dasashin da ba daga haƙori yake ba. Wanda maciji ya sara, musamman kububuwa, in dasashinsa ya fara jini, dafin ya hana jininsa daskarewa ke nan. Maganinsa allurar kashe dafi, irin wadda aka san asibitin Kaltungo a Jihar Gombe da ita. Haka kuma jinin dasashi tare da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, a kai asibiti, masu jinya kuma su kiyayi taɓa jinin da hannu.

Mu ƙara da wannan: dattijon da ya ji ciwo a muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji da gumi, musamman yana cikin aiki, mai yiwuwa zuciya ce ba haƙori ba. A kai shi nan take.

BAKIN YARA

Akwai wata cuta mai cin fuskar ƙananan yara. A waɗansu wurare ana ce mata ciwon daji ko ciwon iska. Likitoci suna kiranta noma. Sunan ya zo ɗaya da noman da muke yi, amma ba abin da ya haɗa su, kalmar daga Helenanci ta fito. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba sa samun isashen abinci mai gina jiki, musamman bayan yaye, ko bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma aikin iska ko sammu ba ce.

Tana farawa a dasashi: ya yi ja, yana jini, ya yi gyambo, baki ya yi mugun wari, miyau na zuba, yaro ya ƙi abinci. Sa'an nan kunci ko leɓe ya kumbura. Daga nan baƙin tabo ya bayyana, naman ya ruɓe ya zube ya bar rami. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako ɗaya ko biyu. In ba a yi magani ba, yara 9 cikin 10 suna iya mutuwa. Waɗanda suka tashi sukan rayu da ramin fuska da wahalar ci da magana.

Amma in an kai yaro tun ciwon yana dasashi ko farkon kumburi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsai da shi. Don haka uwa ta riƙa buɗe bakin ɗanta tana dubawa a wurin haske, musamman in ya yi rashin lafiya. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta, an buɗe shi a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shiga taimaka masa daga 2014. A Damagaram ta Nijar ƙungiyar Sentinelles tana da cibiya domin irin waɗannan yara. A watan Disamba na 2023, bisa roƙon Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Amma kada a ce sai an tara kuɗin motar Sakkwato. Maganin farko yana asibiti mafi kusa.

Wani kumburin kuma ba ya ciwo, amma yana girma da sauri a muƙamuƙin yaro, haƙora su yi ta girgiɗi. Wannan yana iya zama wani irin ciwon daji da likita Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Yana jin magani in an je da wuri.

Game da jarirai, fitowar haƙori takan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ko gudawa mai yawa, ko taune-taune. Jaririn da ke da waɗannan yana da wata cuta dabam, a kai shi awo. Kada a tsaga masa dasashi. A kuma yi hankali da magungunan kwalba da ake ce wa na haƙori. A ƙarshen 2008 wani mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai dafi, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Nijeriya.

KAFIN A ISA ASIBITI

Abin da za a iya yi:
1. A kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sau da yawa a yini.
2. Babba ya sha farasitamol mai lamba 500, ƙwaya biyu bayan kowace sa'a 6. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Na yaro sai a tambayi malamin asibiti.
3. A ɗora tsumma mai sanyi a kunci.
4. A kwanta da matashi mai tudu.

Abin da ba za a yi ba:
1. Kada a sa ruwan batir, fetur, kananzir, kanwa, garin taba ko maganin feshin gona a haƙori. Suna ƙona nama, waɗansu kuma dafi ne.
2. Kada a danna ƙwayar asfirin a dasashi, tana ƙona shi. Kada a ba yara asfirin.
3. Mai gyambon ciki da mace mai ciki kada su sha ibufurofen sai da izinin likita.
4. Kada a sayi kafso biyu ko uku a teburin mai talla a ce an yi magani. Kafso ba ya fid da mataccen haƙori. Ciwon zai lafa ya komo, ƙwayoyin cutar kuma su saba da maganin.
5. Kada a ba mai cire haƙori na kasuwa baki. Yakan karya saiwa ya bar ta ciki, ƙarfen da ba a dafa ba kuma yana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

In muka duba, abin da ke hana zuwa asibiti da wuri uku ne: rashin sani, rashin kuɗi a hannu, da rashin abin hawa. Dukansu ƙungiya tana iya maganinsu, kamar yadda take yi wa taki da iri.

1. A karanta wannan takarda a taro na gaba, a kuma karanta a taron mata, gama su ne suka fi ganin bakin yara.
2. Magatakarda ya binciko asibiti mafi kusa mai likitan haƙori, da ranakun aikinsa, da kuɗin cire haƙori, ya rubuta a littafin ƙungiya. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da shi ba. Manyan asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Jos, Maiduguri da Sakkwato suna da sashen haƙori da muƙamuƙi, inda ake tura masu karaya da babban kumburi.
3. Lokacin kaka kowa ya ba da kwano ɗaya ko biyu na hatsi, a sayar a buɗe asusun gaggawa. A ba ma'aji da shugaba ikon fid da kuɗi ko da dare, a kawo bayani a taro daga baya. Wanda aka taimaka ya biya bayan girbi.
4. A shirya da mai mota ko mai babur tun yanzu, kowa ya san lambar wayarsa.
5. A ajiye ɗan akwati a gidan ma'aji da kuma makaranta: ƙyalle mai tsabta, fakitin gishiri da sukari, farasitamol, tocila, da ƙaramin kofi mai murfi. A nuna wa malaman makaranta yadda ake yi da haƙorin da ya fita.
6. In ɗan ƙungiya ya tafi jinya da damina, a yi masa gayya a gonarsa. Mutane da yawa tsoron barin gona ne ke zaunar da su.

Mafi arha duka shi ne kada a kai ga gaggawa. A goge haƙora safe da dare da buroshi da man goge baki mai fuloraid, ko a yi asuwaki da kyau har haƙoran ciki. A rage alewa da lemon kwalba da yawan sukari a shayi. Mai hawa babur ya sa hular kwano. Gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, a nuna wa likita. Mai kogon haƙori kuma ya je a cike masa da rani, lokacin da akwai kuɗin amfanin gona kuma hanya tana da kyau, kada ya bari ciwon ya tashi masa tsakiyar damina rafi ya cika.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma ba maganin haƙori ba ne. Mu riƙe waɗannan a ka: kumburi mai yaɗuwa, bakin da ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi da ƙyar, haƙorin da ya fita, jinin da ya ƙi tsayawa, da yaro mai warin baki da kumburin kunci. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, a gidansa ko gidan maƙwabcinsa, ya ajiye fartanya ya nemi mota.